Hadarin da ya zo ta yamma

Sati biyar ke nan da Hajiya Rékia ta zo Lyon daga Maradi a duba mata ido, kuma har yanzu ruwan saman Faransa bai burge ta ba. Yayyafi ne kawai mai naci, in ji ta, ba tsawa ba ƙamshin ƙasa, ya wuni yana jiƙa mutum bai cika ko kwano ba. 'Yarta Raliatou, wadda ta sauke ta a gidansu na hawa na goma sha ɗaya a unguwar Minguettes, ta ji wannan magana har ta haddace.

Ranar Jumma'a da safe Daouda, mijin Raliatou, ya kira daga Paris, inda ya je taron aiki na kwana uku. Injiniya ne, irin mutumin da in ya sayi butar shayi sai ya karanta takardarta tas kafin ya zuba mata ruwa.

"Rali, kin ga meteyo, hasashen yanayi?" ya ce, ko gaisuwa bai gama ba. "Guguwar nan da ta yi ɓarna a tsibiran Amerika, ragowarta ta haye teku. Nan Paris an fara iska. Ku kuma kafin la'asar za ta iso ku. Ɗauki biro ki rubuta."

Raliatou ta ɗauki biro, tana murmushi. A caja salula duka. A sayo buji, wato kyandir, da ashana. Kada kowa ya shiga asansar, injin hawa bene. A manna salatif a gilashin tagogi, a gicciye, kamar yadda ya ga Amerikawa na yi a bidiyo. Abu na ƙarshe kuma, ya maimaita shi sau biyu: duk abin da ke balko, barandar waje, a shigo da shi ɗaki.

Nan fa aka samu matsala. A balkon akwai faifai uku da Hajiya ta zo da su tun daga Maradi, shaƙe da kuɓewar da ta sayo a kasuwar unguwa ta yanka da hannunta. Kwana huɗu tana shanya ta, tana juyawa, tana korar tantabaru da bakin gyale.

"Inna, an ce iska mai ƙarfi na tafe. Bari in shigo da kuɓewar."

Hajiya ta tashi a hankali ta fita balko. Ta kare ido da tafin hannu, ta daɗe tana duban gabas, inda duwatsu ke can nesa garau cikin rana. Ta shaƙi iska. Sannan ta dawo ta zauna.

"Babu ruwa yau."

"Inna, tauraron ɗan'adam ne ya gani."

"Ni shekara arba'in ina da gona a hanyar Dakoro. Hadari daga gabas yake haɗowa, ya yi baƙi, iska ta tsaya cak, tsuntsaye su yi shiru. Dubi gabas ɗin nan, kamar an wanke ta. Bar mini kuɓewata ta sha rana, saura kwana guda ta bushe."

Da Daouda ya sake kira, Raliatou ta buɗe muryar salular ta miƙa wa mahaifiyarta, ta ce ya faɗa mata da kansa. Sai ga injiniya ya bi gaisuwa tiryan-tiryan: ya idon, ya baƙunta, ya mutanen gida, ya aka ji da sanyi. Hajiya ta amsa duka, ta ƙara da cewa kada ya tada hankalinsa, ta duba, babu komai.

"To, haka ne, Inna," in ji Daouda. "Allah ya tsare."

Ko minti ɗaya ba a yi ba saƙonsa ya shigo salular Raliatou: "Shigo da kuɓewar nan, s'il te plaît, don Allah." Ta rubuta masa: "Kai da ka ce haka ne?"

Ta sauka ta sayo buji, ta dawo ta hau kujera tana manna salatif. Hajiya na kallonta, ta ce tagar ta koma kamar wadda aka yi wa ɗori. Amma da Raliatou ta shiga kicin, sai ta tarar da tukwane biyu da bokiti da babban kwanon wanki duk cike da ruwa.

"Inna, ba kin ce babu komai ba?"

"Babu komai. Ruwa kuwa ai ba ya ɓaci."

Wajen ƙarfe uku da rabi Hajiya ta idar da sallar la'asar, ta sake leƙa gabas, ta dubi 'yarta da ɗan murmushi. Raliatou ta shiga ɗakin barci ɗauko caja. Tagar ɗakin yamma take kallo, kuma abin da ta gani ya sa ta tsaya. Sama ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa, kamar an kafa bango, dogayen gidajen da ke can gefen gari sun ɓace a cikinsa.

"Inna! Zo ki gani!"

Hajiya ta zo tana jan silifa. Ta dubi tagar, ta juya ta dubi falo inda sama ke garau, ta sake duban tagar.

"Wannan wane gefe ne?"

"Yamma."

"Yamma? Hadari ta yamma? La'ilaha illallahu. Kuɓewata!"

Suka yi falo da gudu, amma iskar ta riga su. Kafin Raliatou ta murɗa hannun ƙofa, faifai na farko ya tashi sama yana juyi, na biyu ya bi shi, kuɓewa ta watsu a sararin Minguettes kamar an saki fari. Na ukun ne kawai ya maƙale a jikin ƙarfe. Hajiya ta yunƙura za ta fita, Raliatou ta riƙe ta da hannu biyu, ta tura ƙofar da kafaɗa ta kulle.

Daga nan wasa ya ƙare. Ruwa ya riƙa dukan gilashi a kwance, ginin yana gurnani, ana jin ƙarar abubuwa na faɗuwa a ƙasa. Wata kujerar roba ta wuce ta gaban tagarsu, a hawa na goma sha ɗaya. Sai kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Raliatou ta ja mahaifiyarta zuwa lungun da ke tsakanin ɗakuna, inda babu taga, suka zauna a kan darduma. Ta kunna buji ɗaya, Hajiya ta ciro carbinta ta fara ja.

"Shekarar da ruwa ya kada katangarmu," in ji Hajiya a hankali, "kina goye a bayana. Na kama hannun yayyenki muka fita tsakar gida, ruwa har gwiwa, amma dai ƙafata na kan ƙasa. Nan in abin ya faɗi, ina mutum zai taka?"

"Ba ya faɗuwa, Inna. Da ƙarfe aka yi shi."

"Kin tabbata?"

"Daouda ya karanta takardar ginin kafin mu shigo. Duka."

Hajiya ta yi dariya ba ta shirya ba, ta share ido da gefen gyale. "To, in shi ya karanta, an karanta."

Awa ɗaya da rabi aka yi ana abu ɗaya, sannan iskar ta fara sassautawa. Raliatou ta je kicin ta murɗa famfo, ko ɗigo babu. Murhunsu ma na kuran ne. Hajiya ta ɗebi ruwa a tukunya ta yi alwala, ta fito da garin gero da ta zo da shi, ta dama musu da nonon yawurt da ke cikin firigo. Raliatou ta kai wa wata tsohuwa da ke ƙofar kusa da su ruwa tukunya guda.

Ana gab da magariba wata baƙuwar lamba ta kira. Daouda ne, muryarsa kamar ta mai mura.

"Kuna lafiya? Inna fa?"

"Lafiya lau. Lambar wa ce wannan?"

"Ta Siddiq ce, abokina na Belleville. An soke jiragen ƙasa, wurinsa zan kwana. Tawa ta mutu."

"Ba ka caja ta ba?"

"Ina ta kiran ku ne. Lemata ma ta karye tun a bakin gar, tashar jirgin, na jiƙe sharkaf."

Hajiya ta miƙo hannu ta karɓi salular. Ta yi masa sannu da ruwa har sau uku, cikin ladabi, ta ce ya sha citta da zafinta, ya kuma nemi wuri ya caja abinsa. Batun kuɓewa ba wanda ya tayar.

Washegari kuran bai dawo ba, sai suka sauka ta matakala, Hajiya na hutawa kowane hawa uku. A filin gaban gidan wani ƙaton icce ya faɗi ya tare hanya, saiwoyinsa a sama. Ma'aikata na yanka shi da zarto mai inji suna tara gumaguman gefe guda, mutane na wucewa suna ɗaukar hoto.

Hajiya ta tsaya ta riƙe haɓa. "Wannan duk na wa ne?"

"Na magajin gari ne, Inna. Kwashewa za su yi."

"Ba mai ɗiba? Iccen da zai yi girkin biki biyu?"

"In kin ɗiba ki hura a ina? A falo?"

Hajiya ta matsa kusa, ta zaɓi wani reshe miƙaƙƙe daidai tsawon ƙugunta, ta ɗaga ta nuna wa ɗaya daga cikin ma'aikatan. Mutumin ya ɗaga kafaɗa, ya karɓa ya sare mata ƙananan rassan ya miƙo.

"Marsi," in ji Hajiya, tana gode masa da Faransanci. Ta dogara shi a ƙasa ta gwada ƙarfinsa. "Mu tafi kasuwa. Hawa goma sha ɗaya na jiran mu, in asansar ɗinku bai farfaɗo ba."