Huluna Uku a Kan Tebur

"Taurari nawa suka ba shi?"

Ozella ta ɗora yatsa a kan layin, ta matso da jaridar kusa da tabaronta. Ba ta da saurin karatu, kalma-kalma take bi. "Uku," ta ce.

"Uku! Yaron da aka ce ko barewa sai ta yi da gaske kafin ta kamo shi? Duba da kyau, Mis Ozella, ko yatsanki ya danne ɗaya."

"Yatsana bai danne komai ba, Mista Lucious. In ba ka yarda ba, tashi ka karanta da kanka."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya daɗe bai sake shi ba. Ta ajiye jaridar, ta gyara masa siririyar robar iskar da ke hancinsa, ta tsaya a kansa har numfashin ya daidaita. An fito masa da gadon asibiti falo, kusa da taga, ko da yake tagar ba ta da amfanin da take yi masa sai ɗumin rana.

Shekara talatin da ɗaya Lucious Gandy ya yi yana shafa farin fenti a layukan filin ƙwallon Amurka na Jami'ar Okatola. Bai taɓa zama a ajinta ba, amma in yana maganar ƙungiyar, "mu" yake cewa. Mun ci, an ci mu, mun yi abin kunya. Da ciwon suga ya cinye masa ido shekara huɗu da suka wuce, matarsa kuma ta riga ta rasu, sai Ozella, maƙwabciyarsa ta tsallaken shinge, ta fara shigowa kowace la'asar tana karanta masa shafin wasanni. Ita ba ta san kan ƙwallon nan ba. Abin da take gani kawai ƙarti su yi ta karo kamar raguna, a busa usur, su tashi su sake. Amma a aji takwas ta bar makaranta, ta yi shekara ashirin da shida tana feɗe tarwaɗa a kamfanin kifi, kuma duk tsawon rayuwarta babu wanda ya taɓa roƙonta ta karanta masa wani abu sai shi.

A kakar da ta wuce an lallasa Okatola sau tara, aka kori koci da duk mataimakansa. Sabon da aka kawo, Koci Haskew, tun Disamba yake bin gida-gida shi da mutanensa, suna zawarcin yaran sakandare su zo su buga wa Okatola. Daga shagon aski har ƙofar coci, suna ɗaya ne a bakin kowa: Keontrell Magee, mai jefa ƙwallo, taurari biyar, wato makin ƙoli da masu auna 'yan wasa ke bayarwa, ɗan gundumar da ke maƙwabtaka da su. Manyan jami'o'i na rububinsa, Okatola kuwa ba ta taɓa samun mai biyar ba. Ranar Laraba ce ranar sa hannu, ranar da kowane yaro zai bayyana jami'ar da ya zaɓa, yau kuma Litinin.

"An ce Haskew ya ci abincin Lahadi a gidansu yaron," in ji Mista Lucious. "Ya cinye dafaffen ganyen da uwar yaron ta yi har ya nemi ƙari. Kin san abin da wannan ke nufi?"

"Yana nufin yunwa yake ji."

"Ke dai ba ki da imani, Mis Ozella. Yaron nan namu ne. Ki rubuta ki ajiye, in ya zo, shekara biyu kacal, sai mun cika filin nan har mutane su hau bishiya."

"Haka ka ce da wancan kocin."

"Wancan ai ɓarawon albashi ne. Wannan daban yake, na ji muryarsa a rediyo." Ya ja numfashi da ƙyar. "Nas ta ce kwanaki suka rage mini, ko? Kada ki ce a'a, kunnena kalau yake. To, na gaya wa Ubangiji ya ɗan jira ni zuwa Laraba. Ban taɓa roƙonsa wani abin kirki ba, ba zai hana ni wannan ba."

Ozella ta ninke jaridar gida huɗu.

Washegari 'yarsa Vernetta, wadda ta zo daga Memphis don jinya, ta tare ta a baranda kafin ta shiga. Ta janyo ƙofa ta rufe a hankali.

"Mis Ozella, alfarma nake nema. Na zare batirin rediyonsa, na ce masa ya lalace. Gobe mu biyu za mu kalli abin a wayata a kicin. In yaron ya zaɓe mu, shi ke nan. In bai zaɓe mu ba..." Ta kalli titi. "Ki ce masa ya zaɓe mu."

"Ni?"

"Ni ba zai yarda da ni ba. Tun ina 'yar shekara shida yake gane ƙaryata. Ke ce ya yarda da ke."

"Don ban taɓa yi masa ba ne, 'yata."

"Sau ɗaya ne. Wa zai sani? Ba zai kai ƙarshen mako ba. Kina so Babana ya tafi da baƙin ciki a kan wani ɗan shekara goma sha takwas da bai ma san da zamansa a duniya ba?" Muryarta ta karye. "Abin da ya rage na iya yi masa ke nan. Don Allah."

Ozella ta dubi matar nan da ta sani tun tana yawo da kitso biyu a layin, ga idonta ya faɗa saboda rashin barci. Ta ce, "To, Allah ya kai mu goben."

Ranar ba ta iya karatun kirki ba. Sau biyu tana tsallake layi yana kama ta.

Laraba da hantsi ta shigo ta tarar an tayar da kan gadon. Ya sa an yi masa aski, ya sa an ɗauko masa koriyar rigar sanyinsa ta ma'aikatan fili, wadda yanzu mutum biyu irinsa za su shiga cikinta. Hannuwansa na kan bargo, ɗaya a kan ɗaya.

"Ina za ka haka, saurayi?" ta ce.

"Baƙo nake jira. Je ki, ku gano mini. Rediyona wai ya lalace." Ya ja kalmar "wai" ɗin da tsawo.

A kicin Vernetta ta jingina wayar da kwalbar sukari, ta rage murya. Ga zauren wasanni na makarantar yaron ya cika da mutane. Ga dogon tebur da farin ƙyalle, a kansa huluna uku a jere, kowace ta jami'a ɗaya, wadda ya sa a kai ita ya zaɓa: ja ta abokan hamayyarsu, shuɗiya, da koriyar Okatola. Yaron ya zauna tsakanin uwarsa da kakarsa, an ɗaura masa laktaye, wuyansa ya fi ƙarfin kwalar rigar. Ya gode wa Allah, ya gode wa uwarsa, ya gode wa malamansa. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki koriyar hular.

Vernetta ta damƙe hannun Ozella.

Ya juya ta, ya dube ta, ya yi murmushi, ya mayar da ita inda take. Ya ɗauki jar ya kafa a kai. Zauren ya kaure da ihu.

Vernetta ta kife wayar. Suka zauna, babu abin da ake ji sai ƙugin firiji.

"Kin yi alkawari," ta ce a hankali.

"Ban yi ba. Amma bari na je."

Taku goma ne daga kicin zuwa falo. Ozella ta yi su tana shirya maganar a bakinta: ya ɗauki koriyar, Mista Lucious. Ai ba ma ƙarya ba ce gaba ɗaya, ya ɗauka ɗin. Ta ja kujerarta ta zauna. Ya juyo da fuskarsa wajen motsinta, idanun nan farare, haɓa a aske tas, rigar an ja mata zif har wuya. Ta tuna ranar da aka ci su sittin da uku, su kuma da bakwai, ta ce bari ta tsallake labarin, ya ce a'a, karanta mini duka, har da sunan wanda ya yar da ƙwallon. Mutumin nan bai taɓa neman a rage masa ɗaci ba. Ya yi aski, ya sa rigarsa, ya zauna jiran labari kamar kowane namiji a garin. Ta ga in ta yi masa ƙarya yanzu, ita ce za ta fara binne shi.

"To?" ya ce.

"Jar ya sa."

Ta ji Vernetta ta tsaya a bakin ƙofa a bayanta.

"Ya taɓa tamu?"

"Ya ɗauka, ya juya ta, ya yi murmushi, ya ajiye."

"Ya ajiye." Ozella ta riƙe ƙarfen gadon, zuciyarta na cewa kin kashe shi, tsohuwar banza, kin kashe shi.

Sai ya buga tafin hannunsa a kan bargo.

"Ɗan rainin wayo! A gaban kakarsa! Ya ɗauki hular mutane ya yi wasa da ita kamar ta gidansu? Shi kuma Haskew, kwano biyu na ganye ya ci a banza? Vernetta! Na san kina tsaye a nan, ina jin turarenki. Mayar mini da batirina, kuma ki kira mini gidan rediyo."

"Baba, numfashinka..."

"Numfashina nawa ne. Kira su!"

Ta kira. Mai shirin ya san shi, shekara da shekaru yana bugowa. "Jama'a, ga Mista Lucious daga Titin Gin! Kwana biyu, ranka ya daɗe, mun ɗauka ka koma wa ja ne." Vernetta ta kara masa wayar a baki.

"Ni da ja sai dai a jinina," ya ce. "Saurara, ɗana. Ka gaya wa Haskew, ba a zuwa zawarci da cokali kawai. Yaron kuma, Allah ya ba shi sa'a, ban riƙe shi ba. Amma ranar da zai zo filinmu da jar rigar nan, layin da za a kayar da shi a kai, ni na koya wa mai shafa shi aiki. A miƙe yake. Ya duba da kyau in yana kwance."

Dariya ta ɓarke a rediyon. Shi ma ya yi, ya yi tari, ya sake yi. Jini ya dawo masa fuska. Da aka kashe wayar ya ce yunwa yake ji, mutumin da ya kwana uku bai sa komai a baki ba. Vernetta ta dama masa faten masara da man shanu, ya ci cokali biyar. Da ta zo wucewa da kwanon, ta tsaya ta dafa kafaɗar Ozella ta matse, tana kuka tana dariya.

Ranar Alhamis jaridar ta fito da sunayen duk waɗanda suka sa hannu, su ashirin da biyu. Da la'asar Ozella ta shigo ta tarar an kwantar da gadon. Muryarsa ta koma kamar ana jan takarda a ƙasa. Vernetta na zaune ta ɗaya gefen, ta riƙe hannunsa.

"Karanta," ya ce. "Da tsawo, da nauyi, da gari."

Ta fara. Ya raina na farko, ya ce na huɗu da dama-dama. A na goma sha ɗaya ya ɗaga yatsa.

"Sake."

"Tavis Bogan. Mai tare gaba. Ƙafa shida da inci huɗu, laba ɗari uku da goma. Taurari biyu. Daga Sweet Gum."

"Sweet Gum... Bogan. Na san kakansa. Shi kaɗai yake ɗaga bayan mota a canza taya." Ya huta. "Biyu suka ba shi?"

"Biyu."

"Ba su san komai ba. Wannan ne, Mis Ozella. Haskew ba wawa ba ne ashe. Ki sa masa ido... ki ga abin da zai zama."

"Zan sa masa."

"Ci gaba."

Ta ci gaba, yatsanta na bin layi. A na sha biyar bai ce komai ba. A na sha bakwai ma haka. Tana tsakiyar na sha tara ta ji Vernetta ta ce "Baba?" da wata ƙaramar murya, sannan ta kifa goshinta a kan hannunsa.

Ozella ta ɗago. Bakinsa a ɗan buɗe, kansa ya karkata wajenta yadda yake yi in yana saurare. Injin iskar na ta hucinsa shi kaɗai. Ta miƙa hannu ta kashe shi, falon ya yi tsit, har ana jin motar makaranta tana sauke yara a kan kwana.

Ta cire tabaronta ta goge da bakin riga, ta mayar. Yatsanta bai bar wurin da ta tsaya ba. Ta ƙarasa na sha tara. Saura uku. Ta karanta su ɗaya bayan ɗaya a hankali, da tsawo, da nauyi, da gari, rana tana sauka daga kan bargon zuwa ƙasa.