Tsatsa a Bakin Igwar Kawu

Akwai wata cuta da ke kama masu hannu, ita ce rashin sanin ya isa. Rago ba ya kamuwa da ita, gwani take nema. Ita ce ta ci wani mai gyaran agogo, kuma garin neman gira ya rasa ido.

Mai-agogo yana da wani teburi a ƙuryar shagonsa wanda ba na agogo ba ne. A nan yake haɗa ƙananan igwogin soja na roba, irin waɗanda ke zuwa gunduwa-gunduwa cikin kwali. Da hantsaki yake ɗaukar kowane yanki, ya ɗiga masa gam da tsinin allura, sannan ya bi shi da buroshin da bai fi gashin gira kauri ba.

Yana da kawu, tsohon soja, wanda ya yi ƙuruciyarsa a bayan igwa. Ganin idon Kawu ya soma janyewa, likita kuma ya ce ba mai dawowa ba ne. Ran nan ya kira ɗan ƙanwar tasa ya ce, "Kai mai wasan yara da furfura, yi mini tawa igwar. Ina so in ƙara ganinta kafin a rufe mini taga."

Mai-agogo ya samo irinta ya duƙufa. Da ya gama, jama'a, abin ya fi gaban kwatance. Tsawonta bai kai tafin hannu ba, amma in ka sunkuya ka daidaita idonka da teburin sai ka ji gabanka ya faɗi. Tayoyin sun ɗan lotsa kamar nauyi ya danne su. Bakinta ya yi duhun hayaƙi. A jikin ɗan ƙarfen da ake murzawa a ɗaga ta, fenti ya koɗe daidai inda tafin hannu ke kamawa, wai gumin mutanen da ba su kai ƙwayar wake ba. Tela maƙwabcinsa ya leƙo, ya ja da baya ya ce, "Juya bakinta can, ina da iyali."

Matarsa ta kawo masa abinci ta gani. Ta ce, "Baban yara, ta yi. Kai masa yau."

Ya ce, "Saura kaɗan."

"Kaɗan ɗin me? Sai ta harba?"

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Sai dai yabo ya riga ya shiga kan Mai-agogo. Mutane na ta tsayawa a ƙofar shago suna riƙe baki, shi kuwa kullum yana son gobe su fi yau mamaki. Ya ƙara taɓo a tayoyi. Ya ƙara ƙura. Tela ya ce wata da ya taɓa gani a ajiye a wani fili duk ta yi ja, sai Mai-agogo ya kankare tsohuwar ƙusa, ya kwaɓa garin da fenti, ya shafa wa igwa tsatsa tun daga baki har gindi. Masu kallo suka ce wannan kam har warin ƙarfe take. Kawu ya yi aike, aka ce masa saura kaɗan. Ya sake aike, aka ce fenti bai bushe ba. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana, amma ba su ce wanda ake je wa zai jira ba.

Da ya ga dama ya sa ta a akwati ya tafi. Ya tarar da Kawu a bakin gado, fuska na kallon bango.

"Kawu, ga ta."

"Ka makara, ɗan nan. Taga ta rufe. Miƙo dai."

Ya ɗora masa a cinya. Yatsun tsohon suka fara tafiya a hankali. Ya taɓa taya, ya bi ƙafafun nan biyu da ake buɗewa a kafe a ƙasa. Ya ce, "Nan nake tsayawa. Nan Dogo, mai cusa harsashi. Nan wani ɗan banza da ke toshe kunne tun ba a harba ba." Ya yi dariya. Yatsa ɗaya ya sami ɗan ƙarfen murzawa, ya juya shi, bakin igwa ya ɗaga. Tsohon ya ɗauke numfashi. Ya ce, "Ikon Allah. Har wannan?"

Sai yatsun suka hau kan bakin. Suka tsaya. Ya murza, ya kai hanci.

"Mene ne wannan kaushin?"

"Tsatsa ce, Kawu. Don ta yi kama da ta gaske."

Kawu ya ce, "Kafin mu wanke fuskarmu ita muke gogewa. Ko ba mu ci ba, ita sai ta sha mai. Igwar da ta yi tsatsa mutanenta sun mutu ne, ko sun gudu. Wanne ka ba mu?"



Tsohon ya miƙa masa da hannu biyu. "Ungo. Hannunka ya iya, ban hana ka ba. Amma wannan ta wasu ce."

Mai-agogo ya koma shago ya ce zai wanke tsatsar. Ya jiƙa auduga da sinadarin cire fenti, sinadari ya ci fenti ya ci roba, bakin igwa ya lanƙwashe kamar kyandir a rana.

To ku lissafa abin da ya tafi. Igwar da ta sa Tela ja da baya, ta tafi. Idon da aka yi ta dominsa ya rufe bai gan ta ba. Kawu kuma, da ya saba ce masa mai wasan yara yana dariya, bai ƙara roƙonsa komai ba.