Indararon Maigandi

"Ku matsa, ku ba kotu wuri," in ji Zainabu matar Maigandi, tana share hawaye da bakin zane.

Kotun kuwa mutum guda ce: Ismaël akawun kotu, da ya jingine babur a ƙofar gida ya shigo yana cire takalmi. Badaru na rakuɓe a bakin ƙofa kamar wanda ya zo satar kaza. Shi ya kai maƙwabcinsa Maigandi ƙara tun bara, kan indararon da ke zubo ruwa cikin rumfar albasarsa. Tun ranar ko gaisuwa babu. Ga shi yanzu Maigandi kwance, ya rame ƙwarai, ya rantse ba zai tafi kabari da shari'a a wuyansa ba. Alƙali kuma yana can nesa, a garin Kandi.

"Baba, ni ba alƙali ba ne," in ji Ismaël, ya durƙusa. "Ban da ikon yanke hukunci. Amma an ba ni ikon in saurare ku. In kun sasanta, sa hannu kawai alƙali zai yi."

"To saurara, ɗana." Muryar Maigandi da ƙyar take fita. "Ni ad da laihi. Don taurin kai na ƙi juya indararon. Gobe a kira magini."

Wayyo, Badaru ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Mutumin da ya yi masa huɗubar 'ya'yansa duka!

"Mai ƙara, mi ka ce?" in ji Ismaël.

"Na janye," in ji Badaru. "Yaya Maigandi, ka yafe mini."

"Kai dai baƙin marowaci, albasa guda ba ka taɓa aiko mini ba."

Dariya ta kuɓuce wa Badaru, kuka ya biyo bayanta. Ya matso ya riƙe hannunsa. Ismaël ya ce zama ya tashi, ya fita a hankali.

Kafin la'asar Maigandi ya cika.

Bayan sadakar uku magini ya zo da tsaninsa. Badaru ya tare shi a ƙofa. "Koma abinka, a bar indararon inda yake."

Da ruwan farko ya sauka, Badaru ya kwashe albasarsa gefe guda, ya jawo kujera ya zauna a rumfar. Indararon na ta zuba a tsakar rumfar, shi kuma yana kallo.