Ranar da Asiyatu Ta Kwanta a Gaban Kwamiti

"Sauke kafaɗun nan," in ji Tisauke. "Kin ɗage su har kunne, sai ka ce zakaran da ya hango abokin faɗa."

Asiyatu ta sauke. Ko minti ba a yi ba suka koma inda suke.

A bakin ofishin kwamitin kasuwa suke tsaye, da hantsi. Ofis dai suna ne kawai: ɗakin kwano guda, tebur guda, benci biyu da kalandar bara. Amma a cikinsa yau za a yanke ko Asiyatu za ta ci gaba da zama a teburinta na layin kifi, ko kuwa ta kwashi kapentarta, ƙananan busassun kifayen da take sayarwa, ta koma bakin titi, inda ake korar mutum da kayansa kamar kaza. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana teburin. Da shi ta riƙe 'ya'ya huɗu tun ranar da aka kai mijinta makwancinsa.

Dokar kasuwar kuwa, ko yaron goye a garin Chipata ya san ta: faɗa uku, tebur ya tafi. Asiyatu ta cika ukunta ranar Talata. Mailesi, mai ganye da tumatir a teburin da ke jikin nata, kullum sai ta yayyafa wa ganyenta ruwa. Shi kuma ruwa bai san iyaka ba, sai ya tsallaka kan busasshen kifin mutane. Asiyatu ta yi magana sau ɗaya, ta yi sau biyu. A na uku ta ɗauki bokitin ta juye wa Mailesi a ka, ta ce tunda ruwa ke sa abu ya yi kyau, bari ita ma ta samu rabonta.

"Faɗa mini abin da za ki yi in an shiga," in ji Tisauke. Ita ce mai gyaɗa, ƙawarta tun zuwanta kasuwar. 'Yar mawaƙan coci ce, ba a jin muryarta sai ranar Lahadi.

"Na sani."

"Faɗa dai, Amake Twaibu." Wato maman Twaibu; duk kasuwa da sunan ɗanta na fari ake kiran Asiyatu.

Asiyatu ta ja tsaki. "In ja iska ta hanci, in ƙirga huɗu, in sake ta a hankali ta baki. In buɗe hannu, in saki haƙora. Wai nas ce ta faɗa a asibiti. 'Yar yarinya, ko haihuwar fari ba ta yi ba, ita za ta koya mini numfashi. Shekara arba'in da shida da me nake yi? Da kunne?"

"Ai ba ita ta ɗaga miki jini ba, aunawa kawai ta yi. Sai na malam ɗinku."

Nan muryar Asiyatu ta sauka, don wannan ba abin tsaki ba ne. "Ya ce koyarwar Manzon Allah ce, tsira da aminci su tabbata a gare shi. In fushi ya zo maka kana tsaye, ka zauna. In bai tafi ba, ka kwanta. Wannan kam na karɓa hannu biyu. Ban dai taɓa kaiwa ga zaman ba ne, kafin in tuna hannuna ya riga ni."

"To yau ki riga shi."

Aka kira su.

Ɗakin a cike yake. Matan da ba sa barin tebur ko don zuwa jana'iza, yau sun bar tumatir da gawayi a hannun Allah sun zo neman adalci, wasu a ƙofa, wasu sun liƙe a taga. Shugabar kwamiti, Amai Nkhoma, wato Mama Nkhoma a yaren garin, tana bayan teburin da tabarau a ƙarshen hanci. Ba ta cikinsa take kallon mutane ba, ta samansa. Shekara talatin tana kasuwar, kuma ba abin da take so a duniya irin a girmama ta a gaban jama'a.

Mailesi na kan benci. Ta naɗe wuya da mayafi har biyu, tana wani tari da ba ya tasowa sai an kalle ta.

Asiyatu ta rusuna ta gaida shugaba, ta nufi ɗaya bencin.

"A'a, Amake Twaibu," in ji Amai Nkhoma. "Benci na wanda aka jiƙa ne. Wadda ta jiƙa, tsayuwa take yi. Mailesi, muna jin ki."

Mailesi ta yi tari sau biyu, ta dafe ƙirji. "Amai, kwana uku ban san inda kaina yake ba. Zazzaɓi, mura, ga kunnen nan har yanzu ruwa na motsi a ciki. A kan me? A kan ɗigo uku. Ni ma ce nake taimakonta nake yi."

"Taimako kamar yaya?"

"To, ai ruwan yana ɗan wanke mata yashin da take ƙara wa kapentar don ta yi nauyi."

Aka kwashe da dariya daga taga.

Asiyatu ta ji abin ya taso mata tun daga tafin ƙafa. Ita da take tsince kifinta ɗaya bayan ɗaya bayan sallar asuba, ita da ke ƙara wa mai saye ɗan gyara don tsoron ranar awo, yau ita ce mai zuba yashi. Haƙoranta suka haɗe. Ta hango Tisauke a jikin ƙofa tana ɗaga mata yatsu huɗu. Ta ja iska ta hanci. Ɗaya. Biyu. A uku iskar ta ƙwace, ta fito da wani huci kamar na bijimin da aka ɗaure.

Amai Nkhoma ta leƙo ta saman tabarau. "Lafiya? Ko ke ma murar ce?"

"Numfashi nake yi, Amai."

"To yi a hankali, kwanon rufin nan ƙusoshinsa ba su da yawa."

Aka sake dariya. Numfashin nas dai ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya sauko da abin daga ka zuwa wuya, ya tsaya nan. Hannun dama kuwa ya fara wannan ƙaiƙayin da ta sani. Asiyatu ta ce a'uzu billahi a ranta, ta tattare zaninta, ta zauna daɓas a kan siminti, ta miƙe ƙafafu.

Wata a ƙofa ta ce, "Kun gani? Ƙasa ta zauna."

Fuskar Amai Nkhoma ta ɗan saki. "To, haka ya fi. Kina da abin faɗa?"

Tana da shi, lodin mota guda. Amma daga ƙasa maganar ba ta fitowa da irin gudun da take fitowa a tsaye, wannan kam ta lura. Ta buɗe tafukanta a kan cinya, ta saki kafaɗa.

"Na juye mata ruwa, Amai. Kowa ya gani. Amma ba yashi a kifina. Allah ne shaidata."

Mata suka fara gyaɗa kai. Mailesi ta duba hagu ta duba dama, ta ga kasuwar na neman juya mata baya. Tarin ma ta manta da shi.

"Amai, kar zaman nan ya ruɗe ku. Baki shi ke yanka wuya. Mu da muka san marigayi mijinta, bawan Allah, mun san ba ciwon ƙirji ne ya kai shi ba. Mutum ne ya duba ya ga kabari ya fi gidansa shiru."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Wata goma sha huɗu Asiyatu ta yi tana jinyar mutumin nan. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ke dama masa kunun masara ta ba shi a cokali yana mayarwa. A cinyarta ya cika. Tsakaninta da wuyan Mailesi taku biyu ne, kuma mayafin ma an riga an naɗa mata, ja kawai ya rage. Ta ji gwiwoyinta sun fara tattarowa da kansu. Ta san in ta miƙe, tebur ya tafi, kuma ba tebur kaɗai ba.

Zama bai yi ba. Saura ɗaya.

Ta kwanta. A gefen dama, kuncinta a kan siminti mai sanyi. Hannun bai haƙura ba, mari yake so, sai ta ba shi ɗan'uwansa ya mara: tafi a kan tafi, sau uku, kowanne da sunan kuncin Mailesi. Da ta buɗe ido, abin da ke gabanta ƙafafun Mailesi ne da jan farce. Ta ce a'a, wannan kallon ba zai bar ta ta huce ba. Ta juya gefen hagu, ta sake ba hannun abin da yake nema.

Sai guɗa ta tashi daga taga, ƙofa ta amsa.

A ƙasar nan, in mace ta kwanta a gefenta gaban manya ta tafa, ta juya ɗaya gefen ta sake tafawa, to ta gama magana. Ba ban haƙurin da ya wuce wannan. Amarya ke yi wa surukai, talaka ke yi wa sarki. Kuma duk layin kifi an san Amake Twaibu ko uwar mijinta ba ta yi wa ba. Ta ce in gaisuwa ce za ta rusuna, amma jikinta ba ya zuwa ƙasa sai don Wanda ya yi ƙasar.

Amai Nkhoma ta cire tabarau, abin da ba a taɓa gani ba. "Shekara talatin," ta ce. "Shekara talatin ina kasuwar nan, ban zaci zan rayu in ga yau ba."

Sai a sannan Asiyatu ta gane abin da aka gani. Ta ɗago kai.

"Amai, ni fa ba..."

Tisauke ta riga ta iso. Ta durƙusa ta ja mata zani ta rufe ƙafafu, kamar mai taimako, ta ƙasan zanin kuwa ta kama naman cinya ta murɗa.

"Ja iska," ta ce a kunnenta.

"Tisa, ƙarya ce fa. Ba haƙuri nake ba su ba."

"Wa ya tambaye ki? Kin buɗe baki kin ce wani abu? Malam cewa ya yi ki kwanta, ko cewa ya yi ki kwanta ki yi bayani?"

"Allah yana gani."

"Ai shi ya sa. Shi ya san don wa kika kwanta, sauran kuma ba su da wuta ba su da aljanna. Ƙirga huɗu. In lambar ta ƙi, ƙirga 'ya'yanki, su ma huɗu ne."

Asiyatu ta ja iska ta hanci. Twaibu. Patuma. Ajibu. Dunia. Ta sake ta a hankali ta baki. Wannan karon ta fita ba huci. Ta mayar da kuncinta kan siminti, ta yi istigfari, ta rufe bakinta.

Amai Nkhoma ta juya ga benci, ta mayar da tabarau. "Ke kuma, ranki ya daɗe, sarauniyar ina ce? Mace ta girme ki, uwar 'ya'ya huɗu, tana kwance a ƙasa, ke kina sama kina kaɗa ƙafa, bayan kin taɓa mamaci? Haka aka koya miki a gidanku? Sauka."

"Amai, ƙirjina... simintin nan da sanyi."

"Ƙirjin da ya iya fito da waccan maganar zai iya siminti."

Mailesi ta sauko tana ciccije leɓe. Ɗakin ba fili, dole ta kwanta daidai gaban Asiyatu, hanci na kallon hanci. Ta tafa, tafin da ko sauro ba zai kashe ba. Guɗa ta sake tashi, har wata ta ɗauko waƙar coci.

"Na san ki," in ji Mailesi a ƙarƙashin hayaniyar. "Ba haƙuri kike bayarwa ba."

"Kwanciyar nan ita ta bar miki haƙoranki. Ki gode wa Allah."

"Munafuka."

"Na ga tarin ya warke. Sannu."

"Ku dube su," in ji Amai Nkhoma tana share ido da gefen zani. "Har sun fara hira. Haka ake so."

Ta buga tebur ta yanke hukunci. Teburin Amake Twaibu yana nan a hannunta. Faɗan Talata an shafe shi, tunda ba a karɓi irin wannan ban haƙurin kuma a kori mai shi. Mailesi za ta mayar da bokitinta ɗaya gefen, wajen masu gawayi, su ruwa ba ya yi musu komai.

Tisauke ta kama hannun Asiyatu. Asiyatu ta dogara da gwiwar hannu ta fara tashi, tana karkaɗe kunci.

"Ban gama ba," in ji Amai Nkhoma. "'Yan matan nan da suke shigowa kasuwa yanzu, ba ladabi, ba kunya, a tsaye suke gaida mutum. Ranar Asabar za a tara mini su a nan. Amake Twaibu, ke za ki koya musu. Ki nuna musu yadda kika yi yau, dama da hagu, kar ki rage komai. Mailesi za ta taya ki."

Asiyatu ta tsaya a haka, rabi a ƙasa rabi a sama. Ta kalli shugaba. Ta kalli Mailesi. Hannun dama ya sake fara ƙaiƙayin nan. Ta zare hannunta daga na Tisauke, ta koma ta kwanta.

Mata suka sake rangaɗa guɗa.