Taken Bellwood a Bakin Ɗan Haya

Shekara ashirin da shida Malama Verona Parchment ta yi tana koyar da kiɗa da waƙa a Kwalejin Bellwood, can kan tudu a St. Elizabeth, kuma duk yaron da ya iya taken makarantar a tsawon shekarun nan daga bakinta ya ɗauka. Ita kanta ba a nan ta yi karatu ba, don a zamaninta maza kaɗai ake ɗauka. Ba wanda ya taɓa tuna mata da haka sai a makon da 'yan ƙwallon makarantar suka kai wasan kusa da na ƙarshe.

Ranar Laraba shugaban makaranta, Mista Blackwood, ya aika a kira ta. Ta tarar da Linval Dunkley, ciyaman ɗin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, mai shagon kayan gini a Santa Cruz, ya baje a kujera yana kaɗa makullin mota.

"Malama V, wasan Asabar za a nuna shi a talabijin," in ji shi. "Ba ma son abin kunya. Taken nan ya zama na kowa da kowa. Mai gyaɗa ta rera, direban bas ya rera, har da ɗaga hannu sama kamar ubansa ne ya gina makarantar."

"Ai masoyanmu ne, Ciyaman."

"Su so mu da tafi. Take na wanda ya shigo tun aji ɗaya ne, ya sha bulalarmu, ya ci tuwon masararmu. Yaran nan uku da aka kawo bana don ƙwallo, su tsaya a layi, hannu a baya, baki a rufe."

Verona ta dube shi. Duk garin an san Dunkley da kansa ya tuƙa mota har Savanna-la-Mar, ya zauna a barandar wata mai sayar da kifi yana lallashinta ta ba shi ɗanta Odane Tulloch, yana rantsuwa zai riƙe shi kamar ɗan cikinsa.

"Ba ku kuka kawo su ba?"

"Ƙafarsu muka kawo, Malama, ba maƙogwaronsu ba."

"To ni fa? Ni ma ban ci tuwon masararku ba."

"Ke ai ma'aikaciya ce. Ki kaɗa wa ɗalibai hannu kawai, ni zan ja waƙar da makirfo."

Mista Blackwood ya kau da kai. Ya ƙura wa kalandar bango ido kamar yau ya fara ganinta.

Abin da ya tsaya wa Verona a rai shi ne, a cikin 'yan ƙwallon nan duka Odane ne kaɗai ya taɓa zuwa ɗakin kiɗa da ƙafarsa. A watan Satumba ya leƙo lokacin tara, ya ce yana jin kunya kowa na rerawa shi yana motsa leɓe kamar kifi. Ta rubuta masa baitukan biyu a bayan takarda, ta buga masa a piyano sau uku, ya haddace. Muryarsa mai kauri ce, ba ta kauce wa hanya. Ta kasa faɗa masa sabuwar dokar, sai kocinsu ne ya faɗa musu.

Ranar Asabar aka wuni ana yayyafi a Mandeville, inda za a buga wasan, filin ya zama caɓi. Tsofaffin ɗalibai sun kame kujerun gaba tun azahar, cikin riguna kore da ruwan ɗorawa waɗanda tumbi ya ɗage, kowa da farar giyar rake a cikin kwalbar lemo. Verona na bayansu da ɗalibanta. A gefenta wata mata ta zauna, ta ɗaura leda a ka saboda ruwa, ta rungume kular abinci da 'yar tutar makaranta da ta saya a bakin ƙofa. Da suka gaisa ta ce ita ce Icilda, uwar Odane, mai lamba tara.

Minti ashirin da farawa Odane ya sa ƙwallo a raga da ka. Dunkley ya haye kujera yana dukan ƙirji.

"Ɗana ne wannan. Ni na kawo shi, ku tambaya."

Bayan hutu abokan karawarsu, yaran Clarendon, suka farke, aka tashi ɗaya da ɗaya, aka tafi bugun fenariti. Odane ne na biyar. Ya taho a guje, ƙafar da ya kafa ta zame a laka, ƙwallon ta bi ta saman raga ta faɗa cikin masu sayar da kaza.

Bakin da ya ce ɗana bai ko bushe ba aka fara jifa. Ƙasusuwan kaza, kofunan roba, ɓawon lemo, duk suka nufi yaron da ke durƙushe a laka.

"Ɗan haya."

"Koma ka kama kifi."

Wani tsoho mai furfura, wanda Verona ta san dikon ne a cocinsu, ya kai bakinsa jikin wayar shingen fili ya tofa yawu. Rabin kujerun gaba kuwa suka watse, kowa na sauri ya fitar da motarsa kafin hanya ta cushe.

Al'ada ce wanda aka ci shi ke fara rera takensa, masu nasara su jira. Yaran Clarendon suka yi layi suka tsaya shiru. 'Yan Bellwood suka jeru a gaban rumfarsu, ukun nan a ƙarshen layi, hannu a baya. Verona ta ɗaga hannu, ɗalibai suka ja numfashi, amma kafin ta sauke Dunkley ya riga ya fara. Ya ɗauko waƙar daga can sama inda ba mai iya binsa, muryarsa ta tsage a layi na biyu. Haka aka ja baitin farko, shi a gaba, yara a baya, lasifika na kuka. Da aka zo baiti na biyu sai ya koma layin farko na baitin da aka gama, ya tsaya, ya yi gyaran murya, ya sake komawa. Ɗalibai suka rikice, wasu suka yi shiru.

A cikin shirun nan aka ji murya ɗaya mai kauri daga fili tana tafiya da baiti na biyu daidai. Odane ne. Hannunsa na baya kamar yadda aka ce, laka har gira, hawaye na bin kumatu, idonsa a ƙasa.

Dunkley ya nuna shi da yatsa, bai ko janye makirfo daga bakinsa ba.

"Kai mai lamba tara, rufe mana baki. Ka zubar mana da kofi, ba za ka ɓata mana take ba."

Lasifika ta kai maganar har ɗaya ɓangaren. Wasu a kujerun gaba suka yi dariya. Yaron ya rufe baki.

Hannun Verona ya sauka da kansa. Daga inda take tana jin warin giya da gumi, tana ganin maiƙon kaza a gaban rigar Dunkley da yawun da ya jiƙa kan makirfo, sai ta toshe baki da hankici. Taken ya mutu a nan, ba wanda ya ƙarasa shi. Icilda ta miƙe. Ta naɗe 'yar tutar a jikin sandarta, ta ajiye a kan benci, ta ɗauki kularta ta sauka neman ɗanta.

A wurin ajiye motoci Dunkley ya tare Verona.

"Malama V, kin kunyata ni. Me ya sa kika sauke hannu?"

"Shekara bakwai ka yi a makarantar nan, Ciyaman, baiti biyu suka gagare ka."

"An canza shi ne bayan fitarmu."

"Ko wasali ba a canza ba. Ka goge gemunka, akwai abu a jiki."

Ranar Litinin Mista Blackwood ya tarye ta da fara'a. Ya ce Allah ya rufa asiri, masu talabijin sun sa talla tun kafin a fara taken, ba wanda ya gani a gida. Ya ƙara da cewa ƙungiya na so a sa dokar rera take a littafin ƙa'idojin makaranta, ko za ta tsara musu ita da kyau, tunda ita ce ta san harkar. Ta ce masa hannunta na ciwo.

Ana saura kwana biyu a tafi hutun Kirsimeti Odane ya leƙo ɗakin kiɗa da jaka a kafaɗa. Ya ce ya mayar wa koci rigar wasa, uwarsa ta samo masa makaranta kusa da gida, bas ɗin ƙarfe ɗaya zai bi. Ya daɗe a bakin ƙofa yana murza igiyar jakar.

"Malama, ki yi haƙuri da abin da ya faru ran nan. An hana mu, na sani. Bakina ne ya kuɓuce."

"Kai kake ba da haƙuri?"

"Na ga kamar na jawo miki magana."

Da ƙyar ta iya cewa ya rera daidai, ko kalma ɗaya bai kuskure ba, kuma ya gaida mamarsa. Ya yi godiya ya tafi.

Verona ta buɗe kwanon abincinta, shinkafa da wake da soyayyen kifi, ta dube shi ta mayar da murfin. Ta kai wa maigadi, ta dawo ta zauna har aka buga ƙararrawar shiga aji.