Barka da Ƙarasawa

Wajen ƙarfe huɗu na yamma ne, ana ruwan nan da ba ya fashi na Danau Kota, unguwar da muke zaune a nan ƙasar waje, wani tsoho ya fara ƙwanƙwasa mini ƙofa. Wata biyu ke nan da kulle gari saboda korona. Ni tela ne, Hambali sunana, karatuna bai wuce firamare ba. Matan malamai da na ɗalibai 'yan gida nake yi wa ɗinki a falo, da cutar ta zo na koma ɗinkin takunkumi.

Ɗan Japan ne, a hawa na tara yake zaune shi kaɗai. Farfesa Karasawa sunansa, amma Hausawan ginin tuni suka mayar da shi Ƙarasawa. Kukansa, takunkumin kanti na cika masa tabarau da tururi, har ya kusa faɗuwa a matakala. Ya karɓi allina ya yi zane a kan yadi, yana nuna mini da guntun Turancin da nake ji cewa shimfiɗaɗɗen ƙyalle ba ya rufe abu mai tudu sai an yanke wani wuri an haɗe. Na ce ai kowane tela ya san wannan. Ya yi dariya ya ce shi abin da ya ƙarar da rayuwarsa a kai ke nan.

Daga nan ya saba saukowa. Sai in ajiye masa kujera a bakin ƙofa, nesa da ni kamar yadda doka ta ce, in yi mana tapau, wato in sayo shayi a ƙulle daga mamak, mai shayin nan ƙasar. Ina taka keke yana ba ni labari. Mahaifinsa mai gyaran koma ne a wani ƙauyen masunta, a jikin komar ya fara lura da yadda abu ke lanƙwasa ba tare da ya yage ba. Ya yi karatun lissafin siffofi, ya koyar shekara talatin, matarsa ta rasu, ya yi ritaya, wata jami'a a nan ta ɗauke shi kwantiragi. Tambaya ɗaya yake bi tun yana ɗan talatin da huɗu, a kan wata siffa da ya ce ido ba ya ganinta, sai alƙalami. Ya cika littattafai ashirin da bakwai a kanta. Kwantiragin zai ƙare a Disamba, kuma an gaya masa ba za a sabunta ba tunda ɗalibai sun koma karatu ta waya. Burinsa ya gama kafin nan. Kullum saura kaɗan.

Wata rana na gaya masa abin da sunansa ke nufi a bakinmu. Ya sa na maimaita sau uku, ya rubuta a bangon littafinsa, ya ɗan sunkuya mini irin gaisuwarsu.

Cikin Satumba na haɗu da Malam Mika'ilu a lif, wanda ke digirin dakta a lissafi.

"Tela, ka ji an ƙarasa wa tsohonka aikinsa? Wata yarinya ce a Turai, ko talatin ba ta kai ba. Ta sa a intanet, har ta ambaci sunansa a ƙasan takardar."

Lif ya tsaya ya fita, ban samu na ƙara tambaya ba.

To, ni a Fagge na koyi ɗinki. Idan Sallah ta matso aiki ya yi maka yawa, maƙwabcinka kan ɗauki rigar da ka fara ya ƙarasa maka. Abin farin ciki ne, har godiya kake zuwa yi. Da wannan zuciyar na sayi shayi kofi biyu na hau hawa na tara.

Ya buɗe ƙofa ba takunkumi, gemu ya tsiro masa, takardu baje a ƙasa.

"Baba, barka," na ce da Hausa, sannan na fassara masa. "An ƙarasa."

Ya tambaye ni wa ya gaya mini, na faɗa masa. Ganin fuskarsa ba ta saki ba, sai na shiga ba shi labarin telolin Fagge, ina tsammanin bai gane ba ne.

"Hambali-san, idan wani ya ƙarasa maka riga, wa ake cewa ya ɗinka?"

"Mai shagon da aka kawo wa, Baba."

"A wurinmu ba haka ba ne."

Ya ce shafi goma sha biyu kacal ta rubuta, kuma ta hanyar da shi ya duba shekara ashirin da suka wuce ya watsar, yana ganin ba ta ɓullewa. Kwana uku yana neman kuskure a ciki, bai samu ba. Ya ce aikin ya yi kyau ƙwarai. Sannan ya rufe ƙofa a hankali, ni kuma na sauko da shayina.

Bai sake zama a kujerar nan ba. Da Malam Mika'ilu ya ji abin da na yi, ya riƙe baki ya ce ai gaisuwar mutuwa ta kamace ni, ba barka ba. Maganar ta bazu a ginin, samari suka samu abin dariya: Ƙarasawa bai ƙarasa ba. Sau biyu ina hawa don in ba shi haƙuri, in tsaya a ƙofa, Turancin ya gagare ni, in juyo.

Ranar da zai tafi na gan shi a ƙofar gini yana jiran motar filin jirgi, da akwati ɗaya. Akwatin bai kai girman da zai ɗauki littattafan nan ba, ban kuwa tambaya ba. Ya sa kwat mai kauri saboda sanyin da zai tarar can, maɓallin tsakiya na lilo da zare ɗaya. Ba na rabuwa da allura a jikin hula. Na matsa na kama bakin kwat ɗin na ɗinke maɓallin, na ƙulla, na tsinke zaren da farce tunda bakina a rufe yake da takunkumi. Shi dai titi yake kallo. Motar ta iso, ya ja akwatinsa ya shiga.