Igiyar da Oom Stoffel Ya Zaɓa

Farar igiya marar talewa, mita talatin. Ƙugiya huɗu masu makulli. Ɗamarar hawa. Guntun tiyo. Rabin burodi da gorar shayi. A ƙasan jaka kuma, wani abu naɗe cikin tsohon zanen mahaifiyarmu.

Muna tafe a saman dutsen Boven, ta hanyar da ta bi bayan layin dogo. Oom Stoffel, wato Kawu Stoffel, shi ne a gaba, mai kamfanin da ke kai baƙi hawan dutse. Velaphi, babban ma'aikacinsa, na biye da shi, sai baƙi shida daga Pretoria, sai ni. Ranata ta farko ke nan a aikinsa.

Velaphi ya waiwayo. "Madam Faransa, jaka ta yi nauyi ne? Ko a can ɗaukar muku ake yi?"

"A can maza ba sa surutu a hanya, Bra Vela." Haka muke kiransa, wato Yaya Vela.

"Shi ya sa kika dawo ba miji."

Shekara uku na yi a Faransa ina koyon jagorancin hawa. Ina cikin ta biyu aka bugo mini waya cewa yayana Mduduzi ya faɗo daga mita goma sha biyu. Shekara tara yana yi wa Oom aiki. Da na dawo na tarar da shi a keken guragu, yana ɗinkin takalman 'yan makaranta a ƙofar gida. Oom ya gaya wa kowa ƙullin Mduduzi ne ya kwance. Gari ya yarda. Shi kansa Mduduzi ya fara yarda, kuma wannan ya fi keken yi mini ciwo.

A ledar kayansa da aka dawo da ita daga asibiti na ga guntun shuɗiyar igiyar da ta faɗo tare da shi. Ƙullin na nan, tauri kamar tsakuwa. Bakin igiyar ne ya tsinke, ya yi buzu-buzu.

Igiyar wannan aiki iri biyu ce. Wadda mai hawa ke ɗaurawa a ƙugu tana talewa, don in ya zame kada ta karya masa baya. Wadda ake ɗaurawa a sama, daga itace zuwa bakin dutse, ba a son ta motsa ko kaɗan. In ta tale, duk wanda ya rataya sai ta goga bakin dutsen, gaba da baya, kamar zarto. Oom ba ya sayen ta biyun. In igiyar hawa ta tsufa, yanka ta yake ya mayar da ita sama.

Muka isa gindin itacen da aka ɗaura igiya ranar da Mduduzi ya faɗo. Na fara kwance farar igiyata, Oom ya ce, "Ajiye wannan, yarinya. Ga tamu." Ya jefo mini shuɗiya, 'yar'uwar waccan. Dole ya ci gaba da amfani da ita. Ranar da ya daina, mutane za su tambaye shi dalili.

Na ɗaura ta. Na yi irin ƙullin da Mduduzi ya koya mini tun ina 'yar shekara goma sha uku.

"Oom, duba mini ƙullin nan."

Ya durƙusa, ya juya shi, ya ja. "Daidai ne. Ashe dai Faransawan sun koya miki wani abu."

"Ka tabbata? Faɗi da ƙarfi, baƙi su ji."

"Na ce daidai ne."

Oom yana da doka, kowane jagora a garin ya san ta: wanda ya zaɓi igiya shi ke fara rataya a kanta. Yana alfahari da hakan. Ya miƙo hannu zai karɓi ɗamara, na ce ya yi mini alfarma, yau ni sabuwa ce, in fara.

Na ɗaura farar a wani itacen, na zura mata tiyo a inda za ta taɓa dutse, na bar ta da ɗan sako-sako. Na maƙala ƙugiyata a duka biyun, na sauka bakin dutsen. Nauyina duka a kan shuɗiyar yake. Sai na fara tsalle, ina dokar dutse da ƙafa ina sakin jiki, yadda baƙi ke yi tun safe har la'asar in hannu ya gaji. Igiyar na miƙewa tana dawowa. Ina jin ƙarar gugarta a saman kaina.

"Me take yi haka?" in ji wata daga cikin baƙin.

Velaphi ya kwanta rub da ciki ya leƙo. Da farko dariya yake. Can ya daina, ya kira ni Sisi, wato 'yar'uwa.

"Sisi, ya isa. Sisi! Rigar igiyar ta fashe, ina ganin zaren ciki!"

Na ƙara tsalle biyar, sannan na hau da farar. Na kwance ta, na naɗe, na mayar jaka. Shuɗiyar kaɗai ta rage, da tabonta fari a bakin dutse. Na cire ɗamarar na miƙa wa Oom.

"Kai ka zaɓa, Oom. Kullum kai ne na farko, da safe, igiya na lafiya. Mduduzi ne ke hawa na ƙarshe ya kwance kaya. Yau gwada zama na ƙarshe."

Ya karɓa. Ya tsaya riƙe da ita. Na so ya sa, ba zan ɓoye ba. Da ya sa, ban san ko zan buɗe jakar nan in fito masa da farar ba.

"Nomcebo, kada ki yi mini haka a gaban mutane."

"Ƙullin ne bai yi ba?"

Ya yi wata magana ƙasa-ƙasa.

"Oom, kunnena bai da kyau tun da na hau jirgi. Ƙullin ne?"

"Ba ƙullin ba ne."

Na fito da zanen na warware, na ajiye guntun kusa da ƙafarsa. Ƙulli iri ɗaya, igiya iri ɗaya, tabo a wuri ɗaya. Velaphi ya ɗauka ya gwada kwance ƙullin da haƙori, ya kasa.

"Ni na ɗauki Mduduzi ranar," ya ce. "Ni ma na bi gari ina cewa ƙulli ne." Bai sake ce mini Madam ba.

Baƙin suka cire hulunan kwano suka tara a gindin itace, suka kama hanyar komawa.

Da la'asar akori-kurar Oom ta tsaya a ƙofar gidanmu. Velaphi ya riga shi zuwa, ya faɗi komai. Mduduzi na zaune a falo, guntun igiyar a cinyarsa, yana shafa ƙullin da babban yatsa. Oom ya tsaya a dokin ƙofa, hula a hannu ɗaya, buhun lemo a ɗayan.

"Ina so in gan shi. Magana biyu kawai."

Daga ciki Mduduzi ya ce, "Cebo, bar shi ya shigo. Dattijo ne."

"Bhuti, yayana, shekara biyu ƙofar nan a buɗe take. Motarsa ta san hanyar."

Oom ya ajiye buhun a ƙasa. Na tura shi waje da ƙafa, na rufe ƙofar, na sa sakata.

"Ranar Litinin zan kai igiyoyin nan biyu gaban ƙungiyar jagorori," na ce wa Mduduzi. "Ba zan bar wurin ba sai an karɓe takardar izinin Oom."